Kafin a Ɗauki Gawa: Darasin da Makarantun Gwandu da Kalgo Ke Bukata

Kwana 10 ne kacal tsakanin wasu kashe-kashe biyu da suka tayar da hankalin Nijeriya a watan Mayun 2022. Ranar 12 ga watan, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, gungun matasa, cikinsu har da ɗalibai, suka jefe wata ɗaliba Kirista har lahira, suka banka wa gawarta wuta, bisa zargin ta yi ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Da aka kama mutum 2, zanga-zangar neman a sake su ta rikiɗe, aka farfasa wasu coci-coci, aka wawashe shagunan baƙin da ba su san hawa ba balle sauka, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. Ranar 22 ga watan kuma, a ƙaramar hukumar Orumba ta Arewa da ke jihar Anambra, 'yan bindiga suka harbe wata mata 'yar asalin Adamawa mai tsohon ciki, ita da 'ya'yanta 4. Babu wanda ya ce ta zagi wani, babu wanda ya ce ta saci wani abu.

Duk wanda ya bibiyi hirarrakin majalisa da rubuce-rubucen Facebook a makonnin nan zai tuna cewa kaɗan ne suka yi wa gawarwakin duka kuka. Kowa ya zaɓi tasa. Wanda ya cika shafinsa da hotunan matar Anambra ya yi gum a kan ta Sakkwato, ko ma ya nemo wa makasanta hujja. Wanda ya yi ta kururuwa a kan ɗalibar bai ga abin cewa ba game da yara 4 kwance cikin jini. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya fi ciwo, akasarin masu rubutun nan 'yan boko ne. Sun yi firamare, sun yi sakandare, wasu har da digiri, kuma duk wanda ya gama sakandare cikin shekaru goman da suka gabata ya zauna jarrabawar darasin zama ɗan ƙasa nagari, wanda ɗalibai suka fi sani da sibik, don a lokacin tilas ne a WAEC da NECO.

Ke nan akwai abin da makarantar ba ta koyar ba, shi ne gane laifin ƙiyayya: cutar da mutum, ko dukiyarsa, ko wurin ibadarsa, saboda ƙabilarsa ko addininsa ko harshensa ko jihar da ya fito. Ɓarawon da ya fasa shago kuɗi yake nema. Wanda ya fasa shagon don mai shi Ibo ne, saƙo yake aika wa duk Ibon da ke garin cewa su kwana da ido ɗaya. Shi ya sa wutar irin wannan laifi ba ta tsayawa inda aka kunna ta.

Wani zai ce me ya haɗa Gwandu da Kalgo na jihar Kabi da wannan magana, garuruwan da ba su yi suna da rikicin addini ko na ƙabilanci irin na Jos ko Kaduna ba? Ai zaman lafiyar ne ya sa ya kamata a fara daga nan, tun ana iya magana ba tare da wani ya zare ido ba. Daga Gwandu zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce, kuma garuruwan biyu sun daɗe da daina zama na 'yan gida zalla. A Gwandu akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, ɗaya daga cikin makarantun haɗin kan ƙasa, inda ake haɗa 'yan mata masu harshe daban-daban da addini daban-daban a ɗakin kwana guda. A Kalgo, kan hanyar Bunza, ga mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ga kuma babban asibitin jiha da ke tara ma'aikata da majinyata daga ko'ina. Ɗan Diggi ko ɗan Zuguru da ke sayar da ruwan leda a bakin hanya, a yini guda yana hulɗa da Bayarabe da Badakkare da Bazabarme. Jihar Kabin kanta haka take: Hausawa, Fulani, Kabawa, Zabarmawa, Dandawa, Dakarkari, Kambari, Gungawa, Dukawa, da masarautu 4, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma a ƙasar Zuru ba abin mamaki ba ne a samu Musulmi da Kirista a gida ɗaya.

Sannan yaran ƙasar nan matafiya ne. Da an kwashe amfanin gona, samari kan kama hanyar Kudu ci-rani, wasu a saman tirelar albasa ko ta shanu, wasu su je acaɓa ko yankan farce ko tura ruwa. A can su ne baƙi, su ake nunawa da yatsa. A watan Fabrairun 2021, da rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa a kasuwar Shasha da ke Ibadan, gwamnan Kabi na lokacin, Atiku Bagudu, yana cikin gwamnonin Arewa da suka je jaje. Ranar 14 ga Agustan shekarar, aka tare motocin Musulmi matafiya a hanyar Rukuba cikin Jos, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi za su koma jihar Ondo, aka kashe fiye da 20. A ƙarshen Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka sauke mafarauta 16 daga mota, suna hanyar komawa Kano bikin Sallah daga Fatakwal, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone su. Wata 3 bayan haka, 'yan ɗaurin aure daga Basawa ta Zariya suka yi ɓatan hanya a Mangun ta jihar Filato, fiye da 10 daga cikinsu ba su koma gida ba. Ƙungiyar Amnesty International, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ƙirga mutum aƙalla 555 da hukuncin taron jama'a ya rutsa da su a Nijeriya tsakanin 2012 da 2023.

Waɗannan labarai babu malamin da zai sha wahalar koyar da su a Kalgo. Ajin zai yi tsit, wasu ma su yi ƙwalla, don kowa yana da yaya ko kawu a Kudu. Wahalar tana cikin kashi na biyu na darasin, inda za a juyo da madubin. A nan malam zai faɗa musu cewa rikicin Maris na 1987, wanda ya ci coci-coci da masallatai har ya kai Zariya da Kaduna da Funtuwa, daga harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya taso. Zai faɗa musu cewa a watan Maris na 2007, a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke Gombe, ɗalibai ne da hannunsu suka kashe malamarsu Kirista wadda ke sa ido a kan jarrabawa, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. Zai kawo ta Sakkwato. Zai kuma kawo abin da ya fi kusa da gida, wanda manya ba sa son a faɗa a bainar jama'a: yadda ta'asar 'yan bindiga ta sa a wasu wurare ake yi wa duk Bafulatani kuɗin goro, har a watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani da dama a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa. Jihar Kabi, da aka kwashe mata ɗalibai a Birnin Yawuri a Yunin 2021, aka kashe mata mutane a Mera ta Augie a Nuwamban 2024, tana da dalilin fushi. Amma Bafulatanar da ta kawo nono kasuwar Kalgo ba ita ta yi ba, kuma ɗanta yana zaune a benci ɗaya da sauran yara, yana jin abin da ake faɗa.

Darasin da ya tsaya a kashi na farko ƙara wa wuta fetur kawai zai yi. Yaro zai fita daga aji da jerin sunayen waɗanda suka zalunci mutanensa, alhali da irin wannan jeri ne mutanen Uromi da na Mangun suka fito kan titi.

Sibik ɗin da ake koyarwa yanzu bai kai can ba. Malam ya rubuta ma'anar haƙuri da juna a allo da Turanci, ya jero amfaninta guda biyar, yara su kwafa, su haddace, su zubar a takardar jarrabawa. Babu sunan gari, babu sunan kasuwa, babu gawa. Darasin Tarihi kuwa, wanda da shi ne zai kawo sunayen, an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, sai a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Yaran da suka yi makaranta a wannan tsakani su ne samarin da ke riƙe da wayoyi a yau.

Ga kuma batun harshe. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022. Masana na iya ci gaba da jayayya a kan lissafi da kimiyya, amma wannan darasi dai da Hausa za a yi shi a Gwandu, in ana son ya shiga. Da Hausa ake zagin, da Hausa ake zugar, da Hausa ake kururuwar "a kashe shi". Yaron da ya ce wa ɗan ajinsu "arne" a bakin famfo, ko ya kira mai kemis "nyamiri", ko ya ce wa ɗan rugga "ɗan ta'adda", bai taɓa haɗa waɗannan kalmomi da abin da ya haddace da Turanci ba. Sai an tambaye shi yadda yayansa ke ji a Legas idan aka ja masa "aboki" da sigar raini kafin abin ya fara yi masa ma'ana.

A ɗauka malama ce ta shiga aji 2 na ƙaramar sakandare a Kambaza ko Dalijan da waya a hannu. Ta nuna wa yaran hoton gidaje na cin wuta, da rubutu a ƙasa cewa yanzun nan ake kashe 'yan Arewa a wani gari, duk mai kishi ya tura wa mutum 10. Ta tambaya: wa zai tura? Hannuwa za su tashi. Sai ta tambaya wa ya ɗauki hoton, yaushe, a wane gari, wa ya fara turo shi, kuma me zai faru da mai gyaran wayar da ke bakin tasha idan hoton ya zagaye garin kafin la'asar. Daga nan ta ba su labarin da binciken BBC ya bankaɗo a 2018: a rikicin Filato na watan Yunin shekarar, an yaɗa hoton wani jariri da aka sara a Facebook aka ce Fulani ne suka yi, alhali tsohon hoto ne daga Kongo, kuma kashegari aka tare hanya ana zaro Musulmi daga mota ana kashewa. Minti 40 na irin wannan ya fi zangon karatu guda na kwafar allo.

Kuma lalle wani yaro zai ɗaga hannu daga baya ya ce, "To Malama, in an zagi addininmu fa, mi za mu yi?" Wannan ita ce tambayar da malamai ke gudu, ita ce kuma zuciyar darasin. Ba a bukatar a ce wa yaron kada ransa ya ɓaci. Babu Musulmin da zai ji an taɓa Annabinsa bai ji zafi ba, kuma duk darasin da ya raina wannan ya mutu tun a bakin ƙofa. Abin da za a nuna masa shi ne, a fiƙihun Malikiyya da kakanninsa suka karanta a zaure, zartar da hukunci aikin shugaba ne da alƙali, bayan shaida da bincike da jin ta bakin wanda ake zargi. Majalisar Sarkin Musulmi da kanta ta yi tir da kisan Sakkwato a ranar da aka yi shi. A nuna masa kuma cewa taron da ya saba yanke hukunci a titi ba ya tambayar addini: a watan Yunin 2023, a mahautar Sakkwato, Musulmi ne mahauci aka kashe da irin wannan zargi.

A wannan fage Gwandu ta fi kowane gari kayan aiki, don malamin da ya dace a buɗe darasin da shi yana kwance a hubbarensa cikin garin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma ɗaya daga cikin manyan kwamandojin jihadi, a wajajen 1807 ya ga yadda son mulki da ganima suka fara shiga zukatan mutanen ɓangarensa, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a bisa adalci, sannan ya komo. Shi da kansa ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙat. Mutum ne da ya ga laifin nasa, ana tsakiyar yaƙi, ya faɗa. Yaran Gwandu suna jin sunansa a kirari da sunayen makarantu, amma nawa ne aka taɓa gaya wa wannan ɓangaren na rayuwarsa?

Ga kuma tarihin gabar Gwandu da masarautar Kabi ta Argungu. Tun daga tashin Yakubu Nabame a 1849, abin da a Gwandu akan kira tawaye, a Argungu kuwa a ce ƙwatar 'yanci, aka shafe shekaru ana gwabzawa, in ban da ɗan hutun da aka samu lokacin Lafiyar Toga. Bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, ziyarar da aka ɗauka a matsayin rufe babin gaba. Jikokin waɗanda suka yi wa juna kwanton ɓauna yau suna auratayya, suna zaune a majalisar sarakuna ɗaya. Ajin da aka bar yara suka ji labarin ta bakin ɓangarorin biyu ya koyi abu mai yawa game da yadda gaba ke farawa da yadda ake kashe ta.

Kada kuma a yi tuya a manta da albasa: wasan taubasantaka. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, suna yi wa juna ba'a mai zafi a rabu ana dariya, har Jamhuriyar Nijar ta kai wannan al'ada gaban UNESCO aka amince da ita a 2014. Darasin ba zai hana yara wasa ba. Zai koya musu bambanci ne: a wasan taubashi kowa yana da damar ramawa, kuma ranar da abu ya samu ɗaya, ɗayan ne kan gaba wajen taimako. Inda ɗaya ke dariya ɗaya ke sunkuyar da kai, an bar wasa.

Misalan jarumta ma ba su yi ƙaranci ba. A rikicin Filato na Yunin 2018 ɗin nan, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. A Ruwanda, shekara 3 bayan kisan ƙare-dangin 1994, mahara sun shiga sakandaren Nyange da dare a watan Maris na 1997, suka ce ɗalibai su ware, Hutu gefe guda, Tutsi gefe guda. Yaran suka ƙi. An kashe 6 a daren, kuma ƙasar ta sa su cikin jerin gwarazanta. Sa'o'in 'yan matan kwalejin Gwandu ne.

Doka kuwa, ɗalibin sakandare ya kamata ya san iyakar abin da ta tanada. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10, ga mai yaɗa ƙiyayyar ƙabila ko barazana ta kwamfuta ko waya. Ƙudurin Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na 2019, mai tanadin hukuncin rataya a kan kalaman ƙiyayya, ya sha suka bai kai labari ba, kuma gara da bai kai ba, don da 'yan siyasa za su fara gwada shi a kan masu sukarsu.

Matsala biyu ce ba za a kau da kai daga gare su ba. Malamin da za a ɗora wa wannan aiki shi ma ɗan gari ne, yana da nasa ra'ayin, yana kuma tsoron kada yaro ya kai gida a juya maganar, gobe a wayi gari shi ake zargi. Ba za a tura shi aji da takarda kawai ba. Sai an horar da shi, an kuma zauna da iyaye da hakimi da limamin Juma'a da fasto sun ji abin da za a koyar tun kafin a fara. Ta biyu, Kabi na cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makarantar boko, don haka darasin da bai shiga Islamiyya da makarantar allo ba ya bar mafi yawan masu bukatarsa a waje. Alaramman da ya gaya wa almajiransa cewa haramun ne su bi taro su jefi wanda ba su san laifinsa ba ya yi aikin da manhaja goma ba za su yi ba.

Gwamnan Kabi na yanzu, Nasir Idris, malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, kuma sarautar Kauran Gwandu yake riƙe da ita. Bai bukatar jiran Abuja, bai kuma bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma. Ma'aikatar ilimi da hukumar SUBEB za su iya zaɓar makarantu kaɗan a Gwandu da Kalgo, su ware darasi ɗaya a mako daga lokacin sibik, su nemi malaman Tarihi da na Nazarin Addini a jami'ar da ke Kalgo su rubuta ɗan littafi da Hausa mai ɗauke da labaran ɓangarorin biyu, a kai wa Mai Martaba Sarkin Gwandu ya sa albarka. A gwada shekara ɗaya a ga abin da zai fito. Iyaye kuma, a taron iyaye da malamai na gaba, su tambayi shugaban makaranta yaushe za a fara.